Wasiƙa: Mu Kiristan zango mu duba yadda muke riƙon yaran mutane

Malam Edita,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya kai da duk ma'aikatan jaridarka, ya aiki ya fama da jama'a. Daga Kumasi ta ƙasar Ghana nake rubuto maka, unguwar Aboabo, sana'ata ɗinki kuma ranar Lahadi ina koyar da yara a makarantar Lahadi ta cocinmu. Na faɗi haka tun da wuri ne don nasan wani zai ce to Kirista kuma da Hausa a zangon Kumasi, eh muna nan da yawanmu, iyayenmu sun gangaro ne daga Bawku da Garu da Bolga da Walewale wasu ma daga Nijar da Najeriya, a zango aka yanke mana cibiya, da Hausa muke ciniki da ita muke faɗa da ita ake mana sulhu, Littafi Mai Tsarki ma cikakkensa da Hausa tun 1932 yake a hannun mutane. Don haka maganar da zanyi maganar cikin gida ce, da 'yan uwana Kirista nake, amma maƙwabtanmu Musulmi da muke shan ruwan famfo ɗaya dasu suma bismillah su karanta, don katangar da ke tsakaninmu ba ta hana jin kukan yaro.

Abin da ya dameni shine a duk cikin Littafi Mai Tsarki aya ɗaya tak iyaye suka haddace akan tarbiyya, wato Karin Magana 13:24, wadda tace wanda ya ƙi amfani da sanda baya ƙaunar ɗansa. Mutumin da in kace ya jero maka dokoki goma zai tsaya a ta huɗu yana sosa ƙeya, wannan ayar kam zai kawo maka ita da lambarta ba gargada. Masu wa'azi da lasifika a tasha da asuba ita suke ja, a rediyo ita, a taron iyaye ita, kamar dai Allah bai faɗi komai akan yara ba sai bulala. Ni kuma bazan murɗa nassi don in faranta ma kowa ba, ayar tana nan, kuma akwai irinta a 22:15 da 23:13, kuma Littafi bai yabi uban da ya sakar ma 'ya'yansa linzami ba, Eli firist ne babba amma hukunci ya sauka a gidansa saboda Hofni da Finehas suna ɓarna a ɗakin Ubangiji bai hanasu ba, sarki Dauda ma an rubuta a 1 Sarakuna 1:6 cewa bai taɓa tsawata ma Adonija yace don me kayi kaza ba, ƙarshenta yaron ya nemi kujerar sarauta uban nasa na kwance da rai. To kwaɓa dole ce, icce tun yana ɗanye ake tanƙwarashi, wannan babu musu. Tambayata ita ce ina sauran ayoyin suka shige.

Tun farko ma a koyarwar Kirista yaro ba dukiyarka bane. Zabura 127:3 tace 'ya'ya gado ne daga wurin Ubangiji, kyauta ce, amana ce aka ɗora maka kuma za'a tambayeka. Hannatu da ta sha gorin rashin haihuwa a wurin kishiyarta Feninna, da Allah ya bata Sama'ila bata ce nawa ne ni kaɗai ba, tana yayeshi ta kaishi Shilo ta miƙa, kowace shekara kuma ta ɗinka masa 'yar riga ta kai masa, ni tela wannan wurin yana taɓa min zuciya don nasan sai ta riƙa ƙiyasta tsawonsa a ranta tunda bata ganinsa balle ta auna. Coci-cocinmu sun rabu akan baftismar jarirai, Katolika da Presbi da Metodis da Angilikan suna yi ma jariri baftisma, su kuma Fentikos da Assemblies of God da Baftis sai dai su miƙa jariri ga Ubangiji a gaban jama'a su jira ya girma ya bada gaskiya da bakinsa kafin a nutsar dashi a ruwa, wannan gardamar ta ɗaruruwan shekaru ce bani zan rabata ba, amma duba abin da ya haɗasu, ko fada ne ya zuba ruwa ko fasto ne ya ɗaga yaro sama, duk abu ɗaya ake shelantawa, yaron nan na Allah ne, iyaye sunyi alkawari ikilisiya ma ta amsa da amin. To kayan wani da aka baka ajiya kake ma dukan kawo wuƙa.

Akwai wani yaro a ajina, bazan faɗi suna ba, wata Lahadi naga yaƙi jingina da benci yana zaune a ɗosane kamar mai jiran a kirashi, da aka tashi na ja shi gefe na ɗaga rigarsa, bayansa duk shatar wayar lantarki, wani wurin ya fashe rigar ta manne da ciwon. Laifinsa canjin sidi biyar ya faɗi a hanyar sayen koko. Da naje wurin uban, mutum mai sa kwat yana karɓar baiko a coci, ko kunya babu ya karanto min 13:24. Nace masa baba na ji, to buɗe Afisawa 6, ya buɗe da murna don yasan aya ta 1 tace yara kuyi ma iyayenku biyayya, nace sauka zuwa ta 4, inda Bulus yace ku ubanni kada ku tsokani 'ya'yanku har su fusata sai dai ku renesu da horo da gargaɗi na Ubangiji, sannan Kolosiyawa 3:21 ta ƙara da cewa kada ku matsa musu har su karaya. Shiru yayi na ɗan lokaci sannan yace ai shima haka aka reneshi kuma gashi ya zama mutum. Wannan amsar duk mun santa. Ni dai abin da na gani a bayan yaron nan haushin sidi biyar ne da gajiyar kasuwa da bashin kuɗin haya aka sauke masa, aka ɗauko aya daga baya aka lulluɓe.

Kuma kar wani yace min wannan ra'ayin Turawan zamani ne ko na ƙungiyoyin agaji masu yawo da farar mota. Manyan malaman ikilisiya na dā sunyi maganar tun kafin a san da wata Majalisar Ɗinkin Duniya. Yohanna Kirisostom, wanda yayi wa'azi a Antakiya kafin ya zama bishop na Kustantiniya ya rasu a 407, ya gargaɗi iyaye kada su mayar da duka abin kullum, yace yaron da ya saba da bulala rainata zaiyi, in ya raina kuwa duk horon ya tashi a banza, kuma shine mai cewa ku mayar da gidanku ƙaramar ikilisiya. Agustin na Hippo, ɗan Afirka ne irinmu, garin da yayi bishop yana cikin Aljeriya ta yau, shine ya fi kowa ƙarfafa koyarwar zunubin asali wadda wasu ke fakewa da ita suce ai yaro da mugunta aka haifeshi sai an daketa ta fita, amma shi da kansa da ya girma ya rubuta yadda yana ƙaramin yaro yake roƙon Allah kada a dakeshi a makaranta, manya har da iyayensa suna masa dariyar dukan, abin bai bar ransa ba har ya zama bishop. In ma zunubin asalin ne to ai uban da ke riƙe da bulalar shima dashi aka haifeshi, kuma nasa ya fi daɗewa yana toho, kuma ba'a taɓa koya mana cewa dorina ke wanke zunubi ba, alherin Almasihu aka ce. Martin Luta, jagoran gyaran ikilisiya a Jamus, ya bada labarin yadda mahaifiyarsa ta dakeshi har jini ya fita akan ƙwayar 'ya'yan itace guda ɗaya da ya ɗauka, shi bai hana horo ba amma yace a ajiye tuffa kusa da sanda, wato in da tsawa to a samu lallashi.

Luta ɗin nan akwai wata maganarsa ta 1522 da nake so mazan zango suji, yace in uba ya zauna yana wankin tsumman kashin jaririnsa cikin bangaskiya mutane na masa dariya suna ce masa mijin tace, Allah da mala'ikunsa murmushi suke. Mu kuwa mun bar ma mata komai, uba ya fita tun duhun asuba sai dare, in ya dawo abin da ke jiransa shine jerin laifuffuka, bari babanka ya dawo, shikenan yaro ya tashi yasan uba a matsayin ɗan sanda. Sannan ranar Lahadi in tsaya a gabansu ince ku ce Ubanmu wanda ke cikin sama, wane hoto kake zaton zai zo ma yaron a rai. Maimaitawar Shari'a 6:7 cewa tayi ku koya ma 'ya'yanku maganar nan kuna zaune a gida, kuna tafiya a hanya, da kwanciyarku da tashinku, duka wannan sai da zama tare, ba'a yinsa ta waya daga tashar mota.

Amma Edita duk wannan shimfiɗa ce, ainihin abin da yasa na ɗauki biro shine 'yan riƙo. Ɗan cikinka ko ka dakeshi da dare zaka tashi ka duba ko yana numfashi, uwarsa zata shafa masa man kaɗanya ta ɓoye masa nama. Wadda bata da mai shafa mata ita ce yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye can arewa, 'yar ƙanwar miji ko 'yar wata 'yar uwa ta nesa ko ma 'yar wanda ba'a haɗa komai dashi ba sai gari ɗaya, aka ce ma iyayenta za'a sata a makaranta a Kumasi, suka yi ta godiya har da kyautar zabi. Zo ka tsaya a bakin layinmu ranar Lahadi da safe ka gani da idonka. Uwargida ta fito cikin leshi da ɗaurin kai ya kai haka, 'ya'yanta da sabon takalmi da farar safa kowa da ɗan Littafinsa a hannu, an tare pragya, keken haya mai ƙafa uku, an shige, ita kuwa yarinyar tana tsugune a bakin kwata da tulin tukwanen jiya tana gogawa da toka da soso, rigar jikinta tsohuwar rigar 'yar gidan ce wadda zif ɗin ya mutu aka kama da fil. In ma an tafi da ita cocin to goyo aka kaita, tana waje bakin taga tana jijjiga jariri har a tashi, a ajina ban taɓa ganinta ta zauna ba, in na tambaya ace ai Malam bata jin Turanci, to ni da Hausa nake koyarwa. Litinin yaran gida su tafi makaranta ita a ɗora mata tiren ruwan leda ta nufi kasuwar Kejetia ko tashar Aboabo tana ratsa tsakanin motocin haya na trotro, in ciniki bai cika ba ko wani ya sha ya gudu, ranar ba abinci sai ƙanzo. Ita ce farkon tashi ita ce ƙarshen kwanciya, kuma a gidan da ake addu'ar safe da ta dare ba fashi.

Riƙo kansa ba laifi bane, al'adarmu ce mai kyau, da yawanmu a hannun goggo ko kawu muka tashi, akwai manyan mutane a garin nan da in ba don wani ya ɗaukosu daga ƙauye ba da ko sunansu basu iya rubutawa ba, kuma nasan gidaje a zangon nan, na Kirista da na Musulmi, da in ka shiga bazaka iya nuna wanne ne ɗan gida wanne ne ɗan riƙo ba, Allah ya saka musu. Da masu riƙon sakainar kashi nake.

Kuma a nan ne nake ganin mu Kirista bamu da mafaka ko kaɗan, don addinin namu gaba ɗaya akan riƙo aka ginashi. Musa ɗan riƙo ne a gidan 'yar Fir'auna. Esta marainiya ce ba uwa ba uba, Mordekai ɗan uwanta ya ɗauketa, Littafi yace ya riƙeta kamar 'yar cikinsa. Yesu kansa a bangaskiyarmu ba Yusufu ya haifeshi ba, amma Yusufu masassaƙi ne ya raɗa masa suna, ya tashi cikin dare ya gudu dashi Masar don ya tsirar dashi daga Hirudus, ya dawo dashi Nazarat ya ciyar dashi da guminsa har mutanen gari suna ce masa ɗan masassaƙin nan, wato da Allah ya tashi aiko Mai Ceto a hannun uban riƙo ya damƙashi. Sannan babbar magana, Bulus a Romawa 8:15 zuwa 17 da Galatiyawa 4:5 zuwa 7 da Afisawa 1:5 yace mu duka ba 'ya'yan asali bane a gidan Allah, ɗaukarmu akayi aka mayar damu 'ya'ya ta wurin Almasihu, kuma ba'a ajiyemu a bakin murhu ba, yace kai ba bawa bane kuma, ɗa ne, in kuwa ɗa ne to magaji ne, har muna kiran Allah Abba. Kowane Kirista ɗan riƙo ne da aka zaunar a tabarma ɗaya da ɗan gida aka sa sunansa a gado. To mace ta rera waƙar wannan a zumuntar mata har da hawaye, ta dawo gida ta zuba ma 'ya'yanta shinkafa da kifi a faranti ta tura ma 'yar riƙo tukunya ta kankare, ni ban san da wane baki zata yi bayani ba ran da aka tambayeta.

Akwai labarin da mu da maƙwabtanmu duk mun sanshi, na Hajara da Isma'ilu. A yadda yake a Farawa 21, an sallami baiwa da ɗanta da gurasa da salkar ruwa, ruwa ya ƙare a jejin Biyasheba, ta kwantar da yaron a ƙarƙashin wani ɗan kurmi ta koma nesa don kada taga mutuwarsa, sai aya ta 17 tace Allah yaji muryar yaron a inda yake. Ɗan baiwar da aka kora daga gida, shi aka ji. Fitowa 22:22 da 23 kuma gargaɗi ne ƙarara, kada ku wulaƙanta gwauruwa ko maraya, in kuka yi suka yi kuka gareni lalle zan ji. Yakubu 1:27 yace addini mai tsarki marar aibi shine kula da marayu da gwauraye cikin wahalarsu. Yesu kuwa da almajiransa suka kori masu kawo masa yara, Markus 10:14 tace haushi yaji, ba sau da yawa aka rubuta haka game dashi ba, yace ku bar yara su zo wurina, ya rungumesu ya sa musu albarka, kuma bai tambayi ɗan waye wannan ba. A Matiyu 18 ya tsayar da ƙaramin yaro a tsakiyar manya masu gardamar wa yafi girma, yace wanda ya karɓi yaro ɗaya irin wannan cikin sunana ni ya karɓa, wanda kuwa yasa ɗaya daga cikinsu tuntuɓe gara a rataya masa dutsen niƙa a wuya a nutsar dashi a teku. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin ɗaga dutsen niƙan kakarsa yasan ba wasa ake ba. Wannan ayar ban taɓa jin an ja ta da lasifika a tasha ba.

Abin da ke ƙara bani takaici ni malamin makarantar Lahadi, ita makarantar Lahadin ma asalinta don irin waɗannan yaran aka yaɗata. Robert Raikes a garin Gulosta na Ingila wajen 1780 yaran talakawa masu aiki kwana shida a mako ya tara ranar da suke hutu ana koya musu karatu da Littafi. Luta ma ɗan littafin koyarwar da ya rubuta a 1529 maigida ya ɗora ma nauyin koya ma duk mutanen gidansa har da barori. Kiristan farko a daular Rum an sansu da tsintar jariran da aka yasar su rena, Meri Silesa 'yar mishan a Kalaba tagwayen da ake zubarwa ta riƙa kwasowa tana reno a ɗakinta. Yau mun juya abin, ajin ya zama na masu farar safa.

Wani abu kuma da ke biyo bayan wannan, in ciniki ya tsaya a gida ko maigida ya rasa aiki ko jariri ya cika rashin lafiya, wa ake fara kallo, 'yar riƙo. Sai a kaita wurin wani mai kiran kansa annabi yace ita ce mayya, a sata azumin dole a tsareta da tambaya har ta amsa abin da bata sani ba don a barta ta sha ruwa, yaro mai farfaɗiya ko wanda bai iya magana ba shima haka, ace la'anar kakanni ce. Ƙungiyar Human Rights Watch tun 2012 ta fitar da rahoto akan yadda ake ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa a wasu sansanonin addu'a a ƙasar nan, ba ɓoyayyen abu bane. Alhali da aka tambayi Yesu a Yahaya 9 akan wanda aka haifa makaho, zunubin wa ya jawo, nasa ko na iyayensa, cewa yayi ba nasa ba ba na iyayensa ba, Ezekiyel 18:20 ma tace ɗa bazai ɗauki laifin uba ba. Ina addu'a kuma na yarda da ikonta, amma yaro mai farfaɗiya ayi masa addu'ar a kuma kaishi asibitin Komfo Anokye ya ga likita.

Nasan abin da za'a ce min, Malam kai baka san tsadar rayuwa bane, in bata yi talla ba me za'a ci, ai gara nan da ƙauyensu. Na sani mana, nima haya nake biya kuma in wuta ta ɗauke keken hannu nake komawa. Bance yaro kar yayi aikin gida ba, duk munyi shara munyi ɗiban ruwa munyi talla bayan an tashi makaranta kuma bai kashemu ba. Ma'aunin mai sauƙi ne, abin da 'yar cikinka take yi ita ma tayi, abin da 'yar cikinka take ci ita ma taci, in talla ce kowa ya ɗauki tire in makaranta ce kowa ya ɗauki jaka. In kuwa bazaka iya ba to kar ka ɗauko, ka bar ma iyayenta abarsu, ba dole. Makarantar gwamnati daga firamare har JHS, wato ƙaramar sakandare, ba'a biyan kuɗin makaranta, babbar sakandare ma kyauta ce tun 2017, abin da ya rage yunifom ne da takalmi da littattafai da ɗan kuɗin abinci, wanda bai kai kuɗin ankon jana'iza ɗaya ba, kuma ni nake ɗinka ankon nasan farashinsa.

Dokar ƙasa ma ba shiru tayi ba. Ghana ce ƙasa ta farko a duniya da ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1990. Dokar yara ta 1998, Act 560, tace sai shekara 15 ake ɗaukar yaro aiki, ƙaramin aiki mara wahala daga 13, aiki mai haɗari kuwa har da dakon kaya masu nauyi sai 18, kuma ba'a sa yaro aiki daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe, je Kejetia ka ƙirga 'yan kayayo, wato 'yan mata masu dako, nawa ne suka kai 18 ɗin. Dokar cin zarafi a cikin gida ta 2007 ta haɗa har da 'yan aikin gida, kuma hukumar ilimi ta hana bulala a makarantu tun 2017 duk da wasu malaman sunyi kunnen uwar shegu. Amma ni kunya nake ji ace sai ɗan sanda ko ma'aikacin jin daɗin jama'a ne zai koya ma Kirista abin da ke rubuce a Littafin da yake rungume dashi. Ƙidayar 2021 tace Kirista sun haura kashi 71 cikin ɗari na mutanen ƙasar nan, kenan ko ta ina aka lissafa gidajenmu na ciki dumu-dumu, bamu da bakin zama muna zunɗen bulalar malamin makarantar allo, laifi tudu ne ka taka naka ka hango na wani.

Roƙona ga fastoci da fada-fada da dattawan ikilisiya, musamman na zango, kun san gidajen membobinku ɗaya bayan ɗaya tunda kuna da littafin zakka da sunan kowa a ciki, to a buɗe wani shafin a rubuta kowane yaro da ke kwana a kowane gida, na ciki da na riƙo, da ajin da yake a makaranta. In kunje ziyara kar ku tsaya a falo ana kawo muku lemo, ku tambayi sunan wadda ta kawo lemon, ku tambayi yaushe rabonta da jin muryar uwarta a waya. Kafin a naɗa mutum dattijo ai 1 Timoti 3 tace a duba yadda yake tafiyar da gidansa, to a duba har kicin. Zumuntar mata kuma ku da kuke tara kuɗin anko da na biki, ku ware wani abu na yunifom ɗin yaran nan, ni na ɗauki alkawarin ɗinkin duk wanda aka kawo min daga unguwarmu ba kuɗin hannu, a kawo yadi kawai. Ku kuma iyaye na can gida da kuke bada 'ya'yanku, ku riƙa bibiya, ku nemi a baku yarinyar a waya ita kaɗai, in Kirsimeti yazo ku nemi a kawota ku ganta da idonku.

Kai kuma Malam Edita ina roƙon ka turo wakilinka Kumasi ya zaga Aboabo da Asawase da Sawaba da Moshie Zongo ranar makaranta da hantsi, ya tsayar da yaran da ke ɗauke da tire ya tambayesu a gidan wa suke kuma daga wane gari aka kawosu, kar ya buga sunansu ko hotonsu don kar a huce a kansu. Kuma in akwai malami daga cikin 'yan uwanmu Musulmi da zai rubuto mana abin da nasu addinin ya tanada akan riƙon maraya da ɗan amana, don Allah ka bashi fili a wannan shafin, zan karanta ma iyayen yaran ajina.

Na gode, Allah ya ƙara ma jarida albarka.

Naka,
Tela kuma malamin makarantar Lahadi,
Aboabo, Kumasi